Rediyon da Aka Liƙe da Gam

"Ɗauke hannunka daga nan, yaro, kafin in ɗauke maka shi."

Mai Guga ne ya faɗi haka daga kwance, muryar ma da ƙyar take fita. Amma mai gyaran rediyo sai da ya ja da baya har ya taka mini ƙafa. Mutum ne mai furfura a gemu, yana da jikoki, amma a ɗakin nan shi yaro ne, kuma bai yi musu ba.

"Baba, dubawa kawai zai yi," in ji Auta, 'yar Mai Guga, wadda ta ɗauko mai gyaran tun daga bakin kasuwa.

"Ya duba da ido. Ido ba ya ɓalle komai."

Mai gyara ya sunkuya, hannuwansa a bayansa kamar mai kallon jaririn wani. Rediyon yana kan 'yar kanta a gefen gado, baƙi, mai nauyi, an ɗaure masa murfin batir da tsumma. A kan abin murɗa tasha akwai wani dunƙulen gam da ya bushe ya yi launin ƙasa, ya haɗe shi da jikin rediyon.

"Baba, rediyonka lafiyarsa ƙalau," ya ce. "Gidan rediyon ne suka sauya mita. Da suna nan inda allurarka take, yanzu sun koma can ƙarshe. Murɗawa kaɗan za a yi. Sai dai gam ɗin nan ya zurara har ciki ya kama komai. Dole a fasa shi."

"To a fasa kan wanda ya ce su sauya."

Ni ina tsaye a bakin ƙofa na kasa riƙe dariya. Auta ta harare ni. Mai gyara ya tattara sukundirebobinsa ya yi sallama, rediyon kuma ya ci gaba da abin da yake yi tun farkon makon, wato shuuu, kamar ruwan sama a kan kwano daga nesa.

Ni ne maƙwabcinsa, bango ɗaya ya raba ɗakunanmu a gidan haya. Na-Rijiya ake ce mini. Duk unguwar nan, in ka ga tsohuwar rijiya mai ruwan daɗi, hannuna ne. Rijiya ta rufta da ni ba sau ɗaya ba, an tono ni ana shirin wanke gawa na buɗe ido na ce a ba ni shayi. Abokan aikina duk na raka su makabarta. Ban shiga aji ba ko na kwana ɗaya, lambobin da ke jikin rediyo da zanen kaza a ƙasa duk ɗaya ne a wurina, amma Allah ya ba ni kunne. Ina ɗora kunnena a ƙasa in ji inda ruwa yake kwance. Masu digiri sun zo da injinsu sun haƙa ƙura, ni na matsa gefe kaɗan na fito musu da ruwa.

Ban taɓa sayen rediyo ba. Me zan yi da shi? A bangon da ke tsakaninmu akwai wata 'yar kafa da magina suka bari don wayar lantarki, wutar da ba a taɓa jawowa ba, kuma daidai bayan kantar Mai Guga ta faɗo. Tun Auta tana goye nake shan labaran duniya ta wannan kafar. Kullum da safe, bayan mun dawo daga masallaci, sai in ji ƙas, ya kunna. Sai sarewar buɗe tasha, sai shirin gaishe-gaishe, sai ƙamshin gawayi ya biyo kafar, alamar ya hura dutsen guga. Idan masu labarai suka faɗi abin da ban yarda da shi ba, in buga bango.

"Ƙarya suke yi!"

"Sayi naka ka gyara musu," ya ce daga can.

Zancen gam ɗin kuwa da kunnena na ji shi. Mai ɗakinsa, Allah ya ji ƙanta, ba ta da abin so a duniya kamar wannan tashar. Da sarewar take fara shara, tana bin ta da hanci, kuma ba ta taɓa bin ta daidai ba. Shi kuma hannunsa ba ya zama. Yana guga yana murɗe-murɗe, neman tashoshin ƙasashen da bai san ko yarensu ba, wai yana son jin yadda suke faɗa. Sai ta dawo daga tsakar gida ta tarar gaishe-gaishe ya wuce. Rannan ya tafi kai kayan mutane, ta je wajen mai gyaran takalmi ta samo gam, ta saita allurar inda take so, ta matse gam ɗin gaba ɗaya a kai, ta danna da babban yatsanta har ya kama.

Da ya dawo, gidan nan kowa ya fito.

"Kin kashe mini rediyo!"

"Na zaunar da shi dai. Kai ma da akwai gam ɗinka da na saya."

Ya yi kwana biyu ba ya mata magana. A na uku na ji shi yana bin sarewar da fito.

Shatin yatsanta ya zauna a cikin gam ɗin, ɗan rami, har da zanen fatar. Bayan ta rasu ne na lura da abin da yake yi. Idan ya kunna da hannun hagu, sai ya ɗora babban yatsansa na dama a cikin ramin, ya bar shi nan har sarewar ta ƙare. Ban taɓa yi masa magana a kai ba. Ni mutum ne mai baki, kowa ya sani, amma na san inda ake tsayawa.

Gidan rediyon ba su yi ɓoye-ɓoye ba, gaskiya. Sun daɗe suna sanarwa cewa daga rana kaza za su bar mita kaza su koma mita kaza, masu saurare su biyo su. Mai Guga ya ji, ya kuma gane sarai. A lokacin ya riga ya kwanta. Hayaƙin gawayi na shekara da shekaru ya cinye masa ƙirji, idonsa ya yi hazo, dutsen gugar yana ƙarƙashin gado ya yi tsatsa.

"Za su tashi fa," na ce masa.

"Su tashi. Ni ina nan inda aka bar ni."

Ina jin bai yarda za su aikata ba. Ranar da abin ya faru, na ji ƙas, na gyara zama ina jiran sarewa, sai shuuu. Na jira. Shi ma ya jira. Har rana ta shigo tsakar gida bai kashe ba.

Bayan tafiyar mai gyara, Auta ta sayo sabon rediyo, ƙarami, ja, mai walƙiya. Ta saita shi ta ajiye masa a kan ƙirji. Muryar mai gaishe-gaishe ta fito tas, ita ce dai, ba wata ba. Ya saurara kaɗan, ya ture shi.

"Sauro a cikin gwangwani."

"Baba, tashar ce fa. Mutanen ne."

"Na ji su. Ba daga nan nake jin su ba."

Daga ranar ya rage cin abinci. Shayin ma sai ya kurɓa ya ajiye. Kullum da safe ƙas, shuuu, yatsansa a rami. Na shiga wata rana na zauna a kan bokitin da nake zama, na fara ba shi labarin rijiyar da na haƙa a kan dutse, wadda ya ji ya fi a ƙirga. Bai ma ce mini ƙarya nake ba. A nan na san jikin ya yi nisa.

"Na-Rijiya," ya ce, "kai da ka leƙa lahira ka dawo, akwai tsoro?"

"Ina fa. Duhu ne kawai da sanyi. Ni har barci na yi."

"Ni ba tsoro nake ji ba." Ya yi tari mai tsawo. "Sarewar nan nake so in ƙara ji daga inda uwar Auta ta ajiye ta. Idan tana tashi, wallahi ina jin tsintsiya a tsakar gida. Tunda suka ɗauke, na kasa tuno yadda take bin ta. Ina nema a kaina, babu. Ka ji abin da ya dame ni."

Na ce masa zafi ake yi a ɗakin, na fita. Idona ne ya yi ruwa, hayaƙin maƙwabta ya yi yawa a ranar.

Da la'asar Auta ta same ni a ƙofar ɗakina, jan rediyon a hannunta. Matar aure ce da 'ya'yanta, ta baro gidanta a wata unguwa tana jinya, amma ta tsaya a gabana kamar ranar da ta fasa mini tulu tana ƙarama.

"Baba Na-Rijiya, karɓi wannan. Ba na son ganinsa. Likita ya ce mu yi ta addu'a kawai. Ni abu ɗaya ya roƙa a duniya, na kasa."

Na karɓa ina juya shi. Sai idona ya faɗa kan kafar bango. Kun san irin kaina, ba ya ɗaukar lokaci.

"'Yata, idan ya yi barci, zare batiran nasa. Ki mayar da tsumman yadda yake. Wannan kuma saita mini shi a sabon wurin, ki nuna mini inda ake kunnawa, kada ki nuna mini komai bayan wannan."

"Me za ka yi?"

"Gidan rediyo zan buɗe."

Ta dube ni, ta dubi kafar, ta rufe baki da mayafi.

"Zai gane, Baba. Ta yaya za ka san lokacin da ya kunna?"

"Ni? Ni da nake jin ruwa a ƙarƙashin dutse? Ƙas ɗin rediyon ubanki na fi sanin sa da tarin kaina."

Na ɗora bokiti a kife, na ɗora bulo a kai, na ɗora jan rediyon, bakinsa daidai kafar. Na cusa tsummoki a gefe don kada muryar ta zubo ta wajena. Na naɗe shi da tsohuwar rigata har sau biyu, saboda muryarsa ta yi kauri irin ta tsohon. Wannan dabarar ba wanda ya koya mini.

Washegari ko zaman gaisawa ban yi a masallaci ba. Na dawo na durƙusa, kunne a bango, yatsa a kan makunni. Na ji gadonsa ya yi ƙara. Na ji ya laluba kanta, ya ture kofi. Ƙas.

Na danna.

Allah da ikonsa, sarewar tana farawa ke nan. Ta bi ta kafar ta shiga. Ban ji motsi ba daga can, ko tari. Har ta ƙare, mai gaishe-gaishe ta yi sallama ta fara jero sunayen mutane. Sai na ji an buga bango, bugu mara ƙarfi.

"Na-Rijiya! Kana ji?"

"Ina ji."

"Sun dawo."

"To da fa? Ni na aika musu. Na ce in ba su dawo ba zan je in haƙa rijiya a tsakiyar ofishinsu."

Ya yi dariya har ta zama tari. A ranar ya shanye shayinsa, ya nemi ƙari. Auta ta leƙo ɗakina, ta durƙusa mini ta tashi.

Aikin ba ƙarami ba ne, kada wani ya raina. Kunnawa mai sauƙi ce, kashewar ce wuya, don ba shi da lokaci. Wani lokaci ana gama gaishe-gaishe, wani lokaci sai an yi labarai. Dole ina nan a durƙushe, kunnena a bango, ina tsinto ƙas ɗinsa daga cikin surutun mutane. Gwiwoyina suka kumbura. Ban fasa ba. Mutumin da ya yini a ƙasan rijiya ba durƙuso zai gaya masa ba.

Ranar da na makara, ba laifina ba ne. Wani ne ya tare ni a hanya yana tambayar ko rijiyar gidansu za ta gyaru, ni kuma ba na barin mutum cikin jahilci. Ina shigowa ɗaki na ji ana buga bango.

"Gidan rediyo! Kun makara yau."

Na tsaya cak. Na danna makunnin a hankali, sarewar ta riga ta yi rabi. Da aka gama na zagaya, na zauna a kan bokiti. Auta ta fita sayen magani. Yana kwance, fuskarsa ta faɗa, amma bakin yana murmushi.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun ranar farko."

"Ƙarya kake. Aikina ba shi da aibu."

"Aikinka ya yi kyau. Amma rediyo idan yana magana, jikinsa rawa yake yi a ƙarƙashin yatsa. Wannan shiru yake kamar dutse." Ya numfasa. "Kuma tashar nan, duk shekarun da na yi ina jin ta, ba ta taɓa yin tari ba. Yanzu kullum sai ta yi, irin na tsofaffin masu haƙar rijiya."

"To in daina?"

"Wa ya ce ka daina?" Ya laluba ya kama hannuna. Tafinsa duk tabon ƙuna, santsi kamar fatar jariri. "Daga wajen kantar take fitowa, yatsana yana inda yake. Ya isa. Jiya na ji uwar Auta, Na-Rijiya. Ta shiga a gurguje, ta wuce sarewar, ta dawo tana nema, yadda ta saba. Har tsintsiyar."

Na ƙara riƙe hannun nasa.

"Kada ka gaya wa Auta na sani," ya ce. "Tana jin daɗi ta yi wa tsoho wayo."

"Bakina ƙanin ƙafata."

"Bakinka? Allah ya sawwaƙe." Ya saki hannuna. "Ka rage murya kaɗan gobe. Nawa bai taɓa ihu haka ba."

Bayan wannan mun ƙara samun wasu safiyoyi. Ban sake makara ba. Ko liman ne ya tsayar da ni sai in ce masa ina da aiki.

Safiyar ƙarshe ba ta bambanta da sauran ba. Gado ya yi ƙara, ya daɗe yana lalube, har na ji kamar in miƙa hannu ta kafar in taya shi. Ƙas. Na danna. Sarewa ta tashi. Mai gaishe-gaishe ta gai da masu jinya da masu jego da direbobin da ke hanya. Na kasa kunne ina jiran ƙas na biyu. Aka gama gaishe-gaishe. Aka yi labarai. Aka shiga shirin manoma, wanda bai taɓa bari ya kai ba, don ya ce shi ko barkono bai taɓa shukawa ba. Aka gama shi ma.

Kunnen nan nawa da nake taƙama da shi, ya riga ya gaya mini tun ana tsakiyar sarewa. Numfashinsa da nake ji ta bango kamar zarto, na daina jin sa. Amma ban tashi ba. Na ce ai bai kashe ba, ni ma ba zan kashe masa ba. Ina nan a durƙushe har Auta ta shigo daga tsakar gida da kofin shayi, na ji kofin ya faɗi.

Da na zagaya, hannunsa na dama yana kan kanta, yatsan yana cikin rami. Ni na ɗauke hannun. Rediyon yana ta magana ta bayan bango, babu wanda ya tuna da shi sai da mutane suka fara cika gidan, wani ya ce don Allah a kashe wannan abin.

Ni na shiga kabarin na karɓe shi. Matasa suka ce Baba bari mu, na ce ku matsa, wa ya fi ni sanin rami a cikinku? Na gyara masa kwanciya da hannuna. Ƙasar wurin mai kyau ce, busasshiya, na duba.

Da aka share makoki Auta ta kwashe kayansa. Dutsen gugar ta ba wani mai wanki. Baƙin rediyon ta naɗe shi a zanen uwarta ta sa a jaka. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Baba, har ya tafi bai gane ba ko?"

"Ina zai gane? Aikina ne fa."

Ta yi murmushi, ta share ido, ta ce in riƙe jan rediyon. Na ce me zan yi da shi, ni da ban taɓa ajiye rediyo ba. Ta tafi ta bar shi.

Yana nan a kan bulo, cikin rigata, bakinsa a kafa. Mai gidan ya sa kwaɗo a ɗakin, bai samu ɗan haya ba tukuna. An cire kantar, don haka yanzu idan gari ya waye haske yana biyo kafar ta inda tsummokin suka zame, siriri, ya sauka a kan tabarmata. Ina dawowa daga masallaci in durƙusa, gwiwoyin suna ƙara, in ɗora kunnena a bango, yatsana a kan makunni.